Filin Uwargida: Girkin Mako a Tsakiyar Bazara

Assalamu alaikum ƴan uwana mata, da kuma mazan da ke leƙa wannan fili in an ajiye jarida ba kowa kusa.  Bazara dai ta zauna daram. Daga Yamai har Maraɗi, Tawa da Damagaram, ma'aunin zafi yakan haura digiri 40 kusan kullum a watannin Afrilu da Mayu, dare ma ba ya kawo wani sauƙin kirki, domin bango da katifa sai su yi ta amayar da wutar da suka sha da rana. Mutanen Sahel ba su manta da bazarar 2024 ba, lokacin da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5 a ranar 3 ga Afrilu.

A irin wannan lokaci tambaya guda ce ke damun matan da ke fita nema, ko malamar lakwal ce, ko ungozoma, ko ma'aikaciyar biro, ko mai rumfa a kasuwar Wadata ko Katako. Mace ta bar gida da bakwai na safe, ba ta dawo ba sai bayan la'asar, jiki duk ya yi laushi, ga yara da maigida suna jiran tukunya. Yaya za ta yi ta ciyar da gida daga Litinin zuwa Juma'a ba tare da ta tsaya awa 3 gaban murhu kowace yamma ba?

Amsar da ake yawan gani a mujallun Turai da a wayoyin hannu ita ce: ki dafa abincin mako gaba ɗaya ranar Lahadi, ki zuba a robobi, ki jera a firigo, kullum ki ɗauki guda ki ɗumama. Shawara ce mai kyau ga mutumin Faransa, wanda wutarsa ba ta ɗaukewa, wanda kuma in zafi ya kai digiri 30 sai a yi ta maganarsa a rediyo. Mu nan bazara ita ce lokacin da wuta ta fi yankewa, saboda kowa ya kunna fanka da na'urar sanyaya ɗaki a lokaci guda. Gidaje da yawa ma ba su da firigon sam. Wadda ta ɗauki wannan shawara yadda take, ta dafa shinkafa da miyar gyaɗa na kwana 5, to ranar Laraba ko dai ta zubar da kuɗinta a bola, ko kuma, abin da ya fi muni, ta zuba wa yaranta ciwon ciki a kwano.

Nawa ra'ayin shi ne, a bazara abin da uwargida za ta ajiye ranar Lahadi shi ne aikin da ke cin lokaci: tsinta, surfe, daka, niƙa, tankaɗe, suya da shanya. Ita dahuwar kanta a bar ta ga ranarta. In an kawar da waɗancan, abin da ya rage bai fi minti 20 ko 30 ba a kan wuta. Kakanninmu ba su san firigo ba, amma sun san busasshe, sun san soyayye, sun san mai tsami, kuma da waɗannan uku fatake suka yi ta ƙetare daji da hamada da guzurinsu bai lalace ba.

Bari dai mu tsaya kaɗan a kan dalilin, don kada a ce tsoratarwa ce kawai. Ƙwayoyin cutar da ke ɓata abinci sun fi hayayyafa tsakanin digiri 5 da digiri 60, kuma inda suka fi jin daɗi shi ne kusa da ɗumin jikin mutum, watau daidai zafin madafinmu a watan Afrilu. In sun sami wuri mai laima da ɗumi, wasunsu sukan ninka yawansu kowane minti 20. Ki yi lissafi da kanki: ƙwaya 1 da bakwai na safe, in ta yi ta ninkawa haka, kafin biyu na rana ta haura miliyan 2. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, watau OMS, a cikin ƙa'idodi 5 na tsaftar abinci da ta fitar a 2001, ta ce kada a bar dafaffen abinci a waje fiye da awa 2. Hukumomin abinci na Amurka sun ƙara da cewa in zafin wurin ya wuce digiri 32, to awa 1 ce kawai. Mu kuwa a wannan wata yaushe rabonmu da digiri 32 da rana?

Na san abin da wata za ta ce: ai in na shinshina ban ji tsami ba, lafiya lau ne. Ƴar uwa, hanci ba likita ba ne. Ƙwayoyin da ke sa abinci wari daban, waɗanda ke kwantar da mutum daban, kuma na biyun sau da yawa ba su da wari ba su da ɗanɗano. Shinkafa ce ta fi yaudara. Akwai wata ƙwaya da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa wadda tafasa ba ta kashe irinta. In shinkafar ta huce ta zauna cikin ɗumi sai ta farka ta zuba guba, gubar kuma ɗumamawa ba ta karya ta. Saboda haka shinkafa, taliya da makaroni, a dafa daidai cikin mutanen gida, a ci a ranar. Dama ba su ne masu cin lokaci ba.

Mai firigo kuma ta riƙe wannan: in wuta ta tafi, firigon da ba a buɗe ba yakan riƙe sanyinsa kamar awa 4. Babban akwatin ƙanƙara in ya cika maƙil yana iya kai kwana 2, in rabi ne kwana 1. Wannan lissafi an yi shi ne a ƙasashe masu sanyi, namu a rage masa. Dabara ita ce ki cika butoci da ruwa ki bar su su daskare, in wuta ta ɗauke ki sauko da biyu ko uku kusa da nama da nono, sa'an nan ki kafa wa yara doka: ba mai taɓa ƙofar nan sai wuta ta dawo. Ruwan sha a koma randa, ita ba ruwanta da wuta.

To, mu shiga aikin Lahadi. Farkon abin da nake so kowace mai fita aiki ta mallaka shi ne garin miya. Ki samu kauɗar tumatir mai kyau, wadda ba ta yi baƙi ba, da busasshen tattasai irin na Difa, wanda ake nomawa a bakin kogin Komadugu, shi ne mai jan launi da zaƙi ba yaji da yawa. Ki goge su da tsumma mai tsabta, ki ƙara musu rana na wuni guda har su riƙa karyewa a hannu, sa'an nan ki haɗa da gabu, citta, masoro da ƴar tafarnuwa busasshiya, a kai inji ko a daka a tankaɗe. Barkono ki daka shi daban, don bakin yara ba ɗaya yake da na manya ba. Daddawa ma daban, a cikin kwalbarta mai murfi. Wannan gari in ya bushe sosai, yana cikin kwalba a inuwa, zai kai ki wata guda ba abin da ya same shi. Ranar aiki ki yanka albasa ɗaya ki soya a mai, ki dama cokali 3 ko 4 na garin da ruwan ɗumi ki juye, ki bar shi ya soyu har mai ya taso, ki tsaida ruwa. Kafin shinkafa ta tsotse, miya ta haɗu. Albasa kuwa yanzu ne lokacinta, ta Galmi tana shigowa kasuwa a Maris da Afrilu kuma a nan ne ta fi araha. Ki sayi mai yawa ki baza ta a inuwa inda iska ke ratsawa, kada ki bar ta a ƙulle cikin buhun leda.

Wadda ta fi son ɗanyen tumatir, ban hana ba, ɗanɗanonsa daban ne. Amma in za ki markaɗa na kwanaki, to ki dafa shi har ruwan ya ƙone ƙurmus, ki soya da mai da gishiri, ki raba a ƙananan robobi, kowace roba ta girki guda. Biyu a firigo don Litinin da Talata, sauran a wurin ƙanƙara. Babbar roba guda da ake buɗewa kullum ana tsoma cokali ita ce ke fara kumfa ranar Laraba. Kuma kada man da ya kwanta a sama ya ruɗe ki ki bar ta a kan kanta a madafi; mai yana hana iska shiga, ba ya hana ɓaci.

Sai nama. Ɗanyen nama da bazara ba sa ga maciji da juna, balle niƙaƙƙe, wanda shi ne ya fi kowane saurin lalacewa. In maigida ya kawo na jika biyu ko uku ranar Asabar, kada ya kwana ɗanye. Ki yanka ƙanana, ki tafasa da gishiri da albasa da citta har ruwan ya kusa ƙarewa, ki soya shi ya yi ƙarau, ki tsane man. Romon da ya rage ki yi miyar daren da shi, kada ki ce za ki ajiye. Wanda ya fi wannan daɗewa shi ne dambun nama: a dafa har ya yi lugub, a daka a turmi ya wargaje, a soya da kayan yaji a kan wuta kaɗan-kaɗan har ya zama ba sauran laima. Yana cin lokaci, gaskiya ne, amma kilo guda ya isa a barbaɗa a kan abinci har ƙarshen mako, yara kuma suna son sa cikin burodi da safe. Sirrinsa guda ne, a bar shi ya huce sarai kafin a rufe, domin tururin da ya taru a murfi shi ne ke komawa ruwa ya kawo funfuna. In babu halin nama, busasshen kifi yana nan, a gyara shi a cire ƙaya tun Lahadi. Kilishi da cuku kuwa ba sai na gabatar da su ga ɗan Nijar ba. Ɗan guntu a jaka ya fi ƙarfin yunwar azahar.

Yanzu bari in zo kan abin da na fi ƙauna a wannan tsari, watau sa rana aiki. Tunda ta ƙi ta bar mu mu huta, ita ma kada ta zauna banza. Kowa ya san dambu da zogale abinci ne mai sauƙi a ciki, wanda ake iya ci da zafi ba a ji nauyi ba, amma wace mai aiki ce za ta dawo ta wanke tsaki, ta tsane, ta turara sau biyu? Ga yadda za ki yi. Ranar Lahadi da sassafe ki wanke tsakin masara ko na shinkafa ko na gero, tiya guda ko abin da ya ishi gidanki, ki turara shi a madambaci har ya nuna, ba mai, ba gishiri, ba ganye. Ki juye a faranti mai faɗi ki murje dunƙulen da hannu, ki baza shi siriri a kan zane mai tsabta, ki rufa wani ƙyalle marar kauri a sama saboda ƙura da ƙuda, ki ɗora a wuri mai tsayi inda kaji da awaki ba sa kaiwa. Ranar Afrilu ba ta wasa, kafin la'asar za ki ji yana ƙara kamar tsakuwa. In kin ga da sauran sanyi a tsakiyar ƙwayar, gobe a ƙara masa wuni. Wannan busasshen dambu, ranar da kike so, ki yayyafa masa ruwan zafi ki rufe minti 5, ki mayar madambaci minti 10, ya tashi kamar yanzu aka yi shi. Ƙungiyoyin mata masu sarrafa hatsi a Yamai suna sayar da irinsa a leda, wadda ba ta da wurin shanya tana iya saye.

Zogalen ma haka. Ki dafa mai yawa sau guda, ki matse, ki shanya, amma shi a inuwa mai iska, don rana kai tsaye tana cinye korensa da wani abu na amfaninsa. Ranar ci ki jiƙa da tafasasshen ruwa, ki matse, ki haɗa da dambu, ko ki yi kwaɗo da garin ƙuliƙuli, albasa, tumatir da ɗan mai, abin da ƴan uwanmu Zabarmawa ke kira kopto. Rama da tafasa duk suna karɓar wannan hanya. Abin lura, da zarar an jiƙa an kwaɗa, ya koma ɗanyen abinci mai laima, a ci shi nan take, kada a ce a ajiye wa wanda zai dawo da dare.

Tunda na ambaci ƙuliƙuli, ki daka shi da yawa ki ajiye, domin shi ne ke mayar da garin rogo abinci cikin minti 5 ranar da komai ya ƙwace. Sai dai a zaɓi gyaɗa da ƙuli masu kyau. Gyaɗar da ta yi funfuna ko take ɗaci tana ɗauke da wata guba mai cutar da hanta sannu a hankali, wadda suya ba ta kawar da ita. In kin tsinci irin wannan ƙwaya, ki jefar, kada ki ce asara.

Ɗanwake shi ne sarkin abincin mai sauri, muddin garin yana nan a haɗe. Kowane gida da awonsa. Ni nakan sa gwangwani 2 na wake, 1 na busasshen rogo, a niƙa tare, a tankaɗe, a zuba kuka kamar cokali 3 a gauraya. Wasu sukan ƙara dawa ko fulawa. Kanwa kada ki sa ta a garin, ki jiƙa ta a ranar ki kwaɓa da ruwanta. Ruwa ya tafasa, ki jefa, in sun taso sama ki ba su kamar minti 10, ki tsame a ruwa mai tsabta. Mai, yaji, albasa, dafaffen ƙwai in akwai, shi ke nan. Nijar tana cikin ƙasashen da suka fi noman wake a duniya, daga Nijeriya sai ita, abin kunya ne a ce yaranmu sun fi sanin makaroni da shi. Wake da shinkafa kuwa abin da ke ja masa lokaci shi ne waken. Ki tsince shi tun Lahadi, ki auna na kowane girki a ƙulla daban. Jiƙa shi tun dare a wannan zafi yakan sa ya yi kumfa da tsami, sai dai in a firigo; in babu, ƴar kanwa kaɗan ta isa ta gaggauta shi.

Duk wannan lissafi na minti 20 ya fi tafiya daidai ga mai gaz. Tun da matatar mai ta Damagaram ta fara aiki a 2011, ƙaramar butalin gaz mai kilo 6 ta shiga gidaje da yawa a birane, kuma a ganina mace mai fita aiki ta fi bukatarta a kan sabon leshi. Ba hayaƙi, ba fifita, ba zama gaban garwashi alhali iskar kanta wuta ce. Mai gawayi kuma ta hura tun tana cire mayafi, kafin ta yi salla ya kama.

Abin sha fa? Ai da bazara rabin abinci ruwa ne. Garin gumba shi ne abokin tafiya: a surfa gero, a wanke, a shanya ya bushe ƙarau, a niƙa da citta, kanumfari da ɗan barkono. Kullum a ɗebi na ranar a dama da nono, ko a yi farau-farau, ko a yi kunu da ruwan tsamiya in ana son mai ɗumi da safe. Fura da aka riga aka dafa aka cura ba ta jure kwana biyu a wannan yanayi, garin kuwa yana jurewa. Zoɓo, tsamiya da lemun citta, da zarar sukari ya shiga, kwana guda a waje sun fara tashi. Ki tafasa zoɓon da kauri ba sukari, ki ajiye a sanyi, kowa ya tsiyaya ya ƙara ruwa da sukarinsa. Nonon shanu in ɗanyen madara ce a tafasa ta tukuna. Ƙanƙarar da ake saye a leda kuma, in ba ki san ruwan da aka yi ta da shi ba, ki dasa butalin a cikinta daga waje, kada ki fasa ta cikin kofin yaro.

Kayan lambu ba a yanka su a ajiye. Salati, kokwamba, karas da tumatir a bar su yadda suke, a wanke da ruwa mai tsabta lokacin da za a ci. Salatin da aka zuba wa mayones ko aka yanka wa ƙwai ba ya jiran kowa. Don su daɗe ba su yanƙwane ba, akwai wata dabara da ba ta bukatar wuta ko kaɗan, ita ce tukunya cikin tukunya. Wani malami a Dutse ta jihar Jigawa, Mohammed Bah Abba, shi ya yaɗa ta a ƙauyukan arewacin Nijeriya a shekarun 1990, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Ki samu tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama. In babbar tana da huda a gindi ki toshe. Ki zuba rairayi a ƙasanta, ki zaunar da ƙaramar a ciki, ki cika tsakaninsu da rairayi, ki jiƙa shi sharkaf, ki zuba kayanki a ƙaramar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma. A ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa, a ƙara ruwa safe da yamma. Yadda randa ke sanyaya ruwa, haka wannan ke yi: ruwan yana tsattsafowa ta jikin babbar tukunya, iska tana busar da shi, yana tafiya da zafin ciki. Tumatir, yalo, tattasai, karas da ganye sukan ƙara kwanaki masu yawa a ciki. Amma a ji ni da kyau, sanyinta bai kai na firigo ba, saboda haka ba wurin nama ba ce, ba ta nono ba, ba ta dafaffen abinci ba. Ta kuma fi aiki a Maris da Afrilu lokacin da iska ke bushe. In hadari ya fara taruwa iska ta yi nauyi, ƙarfinta yakan ragu. Ƴan uwa na Damagaram da ke sayen ruwa wurin ƴan garuwa za su ce ga wani sabon mai shan ruwa an kawo musu. Ba ruwa mai yawa take sha ba, kuma ruwan da aka ɗauraye ganye da shi ya wadatar.

Yadda za a jera kwanakin ba wuya: mai saurin lalacewa shi ne na gaba. Litinin da Talata a ci abin da ke da ɗanyen kaya, shinkafa da miyar tumatir da soyayyen nama, ko makaroni da salati a gefe. Laraba ɗanwake. Alhamis, lokacin da firigo ya koma fayau kuma jiki ya gaji, ranar busassu ce, dambu da zogale da barbaɗen dambun nama. Juma'a da yake ana tashi aiki da wuri, a tuƙa tuwo da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, gida ya ji ƙamshin daddawa, kada maigida ya fara cewa tun da aka sami aiki aka manta da muciya.

Mai tafiya da abinci wurin aiki a cikin kula, ko mai barin na yara su ci in sun dawo lakwal, ta fara zuba tafasasshen ruwa a kular ta rufe minti 5, ta zubar, sa'an nan ta zuba abincin yana tururi, ta cika ta har baki. Kular da aka zuba wa abinci mai ɗumi-ɗumi rabi, ɗakin haihuwar ƙwayoyin cuta ce kawai aka gina musu. In kina da ƴar aiki ko babbar ɗiya da ke ɗumamawa, ki nuna mata da idonki cewa miya sai ta tafasa tana ɓalɓala ko'ina, ana juyawa, ba a ɗora a sauke da jin gefen tukunya ya yi zafi ba. Ɗumamen tuwo da safe al'adarmu ce, ba zan ce a bari ba, amma da bazara a yanka tuwon ƙanana, a tafasa shi cikin ruwa har tsakiyarsa ta yi zafi, miyar kuma a tafasa ta da dare a sake da asuba. Miyar gyaɗa, miyar ɗanyar kuɓewa da faten wake, waɗannan kada su kwana in ba sanyi.

Akwai wata ɗabi'a da ya kamata mu faɗa wa juna gaskiya a kanta. Abinci ya kwana, uwargida ta shinshina ta ji ba ta yarda da shi ba, ba za ta ba ɗanta ba, sai ta ji almajiri a ƙofa ta juye masa a roba, tana ganin ta yi sadaka ta kuma tsira daga almubazzaranci. Cikin wannan yaro irin na ɗanki ne, kuma shi in gudawa ta kama shi ba uwar da za ta kwana a kansa. In za ki ba shi, ki ɗebar masa tun da dare lokacin da abincin ke da lafiya.

In kuma duk da kiyayewa zawo ya kama yaro, da zafin nan ruwan jiki ba ya daɗewa. Ki ajiye ƙunshin gishirin zawo na kantin magani a gida tun kafin a bukata. In babu, lita 1 ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan. In yana amai ba tsayawa, ko akwai jini, ko ya yi laushi ya ƙi sha, a nufi likita ba jira.

Saura magana ga masu leƙen da na gaisar da farko. Malam, Lahadin nan ita kaɗai ce ranar hutun matarka, kuma albashinta ko ribarta a gidan nan suke ƙarewa. Cefanen Asabar, kai niƙa inji da cika butalin gaz ba su rage wa kowa girma ba. Samari su ɗauki taɓarya, ƴan mata su yi tsinta da tankaɗe. In hannu ya yi yawa, aikin da na lissafa, in aka fara bayan sallar asuba, kafin goma na safe an rufe madafi an bar wa rana sauran. Ba kuma dole ne a yi duka a Lahadi guda ba: garin miya da na ɗanwake da gumba na wata ne, wannan mako a yi ɗaya, mako mai zuwa a yi wani. Nama da tumatir ne kaɗai ke dawowa kowane mako.

Wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, hadari zai fara haɗuwa, shanya za ta fara wuya, sai mu duba yadda za a kare waɗannan garuruwa daga laima da ƙwari.